Zabiya da Ranar Zariya

Yawancinmu mun san lissafin sikila: idan uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Haka lissafin zabiya yake. Iyaye baƙaƙe wuluk sukan haifi zabiya, kowannensu ya ba da nasa kason, amma har gobe uwa kaɗai ake wa kallon tuhuma ranar suna.

Abin da zabiya ya rasa shi ne sinadarin melanin, wanda ke ba fata launi, yake kuma kare ta daga hasken rana. Ranar da ni da kai za mu sha mu share gumi, shi ƙona shi take yi, shekara da shekaru, har ƙunar ta rikiɗe ta zama kansar fata. Takan fara da ɗan gyambon da ya ƙi warkewa a kunne, leɓe ko ƙeya. Idan aka garzaya Asibitin Koyarwa na Shika da wuri, sau da yawa yanke wurin ya wadatar. Mu kuwa sai mun gama shafe-shafe a gida, ciwo ya ci nama, sannan a nemi mota.

A ganina, hanyar wannan ciwo daga aji take farawa. Rashin melanin yana raunana ido. Yaro ba ya ganin allo, malami ya ɗauke shi daƙiƙi, ya tura shi bencin baya, daga nan sai barin makaranta. Ina ya nufa? Talla ko turin baro a kasuwar Sabon Gari, ko gona, wato tsakiyar ranar da ya kamata ya guje mata. Hular da muke taƙama da ita ba ta rufe kunne da wuya. Malafa ce ke rufewa, ita kuma mun bar wa makiyaya muna yi mata dariya.

Tun 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ke bikin ranar zabiya kowace 13 ga Yuni, ana kuma ta kiran a raba man kariya daga rana, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Kafin man ya iso, shugaban kowace firamare a Samaru yana da abin yi da ba ya cin sisi: ya zaunar da yaron a gaba, ya ƙyale shi ya sa riga mai dogon hannu da malafa, ya kuma hana a tsayar da shi a rana, ko don taron asambile ko don horo.