Kafin a sayi buhun siminti na farko, a fara gina gidan a cikin waya

Duk unguwar da ake sabbin gine-gine, a Kano ne ko Kaduna ko Abuja, ba a rasa abu ɗaya: bangon da aka ɗaga jiya, yau ana fasa shi. Wani lokaci ƙofar banɗaki ce ta kalli falo, wani lokaci mai aikin famfo ne ya zo bayan an gama filasta ya ce babu hanyar da bututu zai bi, wani lokaci kuma maigida ne ya zo ranar Asabar ya ce ɗakin ya yi masa ƙanƙanta. Akan ɗora laifin a kan magini ko ɗan kwangila. Amma mafi yawan lokuta tun kafin a haƙa harsashi matsalar ta faru, domin an fara aiki ba tare da an yanke shawarar abin da za a gina ba.

Matasa da dama a yau ko dai suna tara kuɗin fuloti, ko kuma su ne ake turawa su sa ido a ginin mahaifi ko na yayan da ke aiki a wani gari. Kusan dukkansu suna riƙe da wayar da za ta iya ɗaukar rabin aikin tsarawa, amma abin da ake yi da ita bai wuce ɗaukar hoton bango a tura a WhatsApp ba. Wannan asara ce babba. Lokacin da waya ta fi amfani a harkar gini shi ne kafin motar yashi ta farko ta sauke kaya.

Masu rubuta manhaja sun daɗe da sanin wata ƙa'ida: kuskuren da aka gano a lokacin zana tsari kusan kyauta ake gyara shi, wanda aka gano bayan manhaja ta shiga wayoyin mutane kuwa yakan ci kwanaki da kuɗi. Gini ya fi haka tsanani, domin manhaja ana iya tura mata sabuntawa cikin dare, amma kankare idan ya sandare sai guduma. Matsar da bango a allon waya jan yatsa ne kawai. Matsar da shi a fili kuwa bulo ne da siminti da ladan lebura sau biyu, ga ranakun da suka tafi.

Manyan ƙasashe ma sun sha wannan darasi. An fara ginin shahararren gidan wasan nan na birnin Sidni a Ostireliya a 1959 kafin a kammala zanensa. An ƙiyasta zai ci dalar Ostireliya miliyan 7, amma sai a 1973 aka buɗe shi bayan ya laƙume miliyan 102. A ɗaya ɓangaren, dogon benen Empire State da ke birnin New York a Amurka, mai hawa 102, an gama shi a 1931 cikin kimanin wata 13, domin an tsara abin da za a kawo da ranar da za a ɗora shi tun kafin ƙarfe ya iso. A lokacin babu kwamfuta balle wayar hannu. Abin da ya bambanta ayyukan biyu shi ne lokacin da aka yi tunani, kafin aiki ko a tsakiyarsa. Hausawa sun faɗa, sauri ya haifi nawa.

A Najeriya abin ya wuce batun kuɗi, rayuka ake rasawa. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake kan ginawa ya rufta a Ikoyi da ke Legas, mutum fiye da 40 suka mutu, kuma hukumomin jihar sun ce izinin hawa 15 aka bayar. A watan Agustan 2022 wani bene da ake aikinsa ya rushe a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano, wurin da masu karanta wannan shafi da yawa suka sani ciki da waje. Duk wanda ke ganin takardun gini ɓata lokaci ne, ya kamata ya tuna da waɗannan ranaku.

Matakin farko shi ne filin kansa. Manhajar Google Earth tana da tsofaffin hotunan tauraron ɗan Adam na shekarun baya, kuma a 2024 aka kawo wannan damar cikin manhajar waya. Cikin minti goma mutum zai iya duba yadda fulotin da ake tallata masa yake shekaru goma da suka wuce. A garuruwa irin su Kano an cike kududdufai da yawa da shara da ƙasa an yanka su fuloti. Wanda ya ga ruwa kwance a tsohon hoto ya san cewa harsashinsa ba zai zama irin na maƙwabcin da ke kan tudu ba, kuma gwajin ƙasa ya zama dole. Haka nan hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da hasashen ambaliya. Bayan abin da ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ba wanda zai ce tambayar ina ruwa ke bi tambaya ce ta banza.

Sai dai a nan akwai iyaka. Na'urar GPS da ke cikin waya takan yi kuskuren mita uku zuwa biyar ko da a sarari ne. A fuloti mai ƙafa 50 da 100, wato kimanin mita 15 da 30, wannan kuskure ya isa ya jefa katanga cikin filin maƙwabci ko kan hanya. Iyaka aikin safiyo ne mai rajista, tabbatar da takardu kuma aikin ofisoshi ne irin su KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna da AGIS a Abuja. Waya tana taimaka wa mutum ya san tambayar da zai yi, ba ta sa hannu a madadin kowa.

Mataki na biyu shi ne zane. Yawancin masu gida ba su iya karanta zanen gini na takarda ba, shi ya sa sai bango ya kai linta suke gane abin da suka amince da shi. Manhajoji irin su SketchUp, Sweet Home 3D da magicplan suna bari a ga ɗaki a tsaye, a sa gado da kujeru a ciki, a zagaya shi kamar a wasan bidiyo. A nan ne uwargida za ta ce kicin ya yi nisa da tsakar gida, a nan ne za a lura cewa baƙon da ya shigo zaure yana hango cikin gida. A nan ne kuma za a zauna da mai wayarin da mai aikin famfo a nuna inda kowane soket da bututu zai bi, inda sokawe zai zauna da nisansa da rijiyar burtsatse. Manyan kamfanoni suna yin irin wannan da tsarin da ake kira BIM, inda kwamfuta ke haɗa zanen mai zane da na injiniya da na masu wuta da ruwa ta nuna wuraren da suka yi karo. Mai gina ɗaki uku ba ya buƙatar wannan manhaja mai tsada, amma yana buƙatar dabarar da ke bayanta: a haɗa kowa a kan zane ɗaya kafin a fara.

Mataki na uku shi ne lissafi, kuma nan ne aka fi cutar mutane. Buhun siminti kilo 50 ne. Bulo mai inci 9 kusan guda 10 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya na bango. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wato mita 3.6 kowane gefe, idan tsayin bangonsa mita 3 ne, zai ba da murabba'in mita 43. Idan aka cire ƙofa da taga, bulon da zai ci bai kai 400 ba. Matashin da ya zuba wannan a Google Sheets ba za a ce masa ɗaki ɗaya ya ci bulo 700 ya yi shiru ba. Wani amfanin kuma shi ne farashi. A farkon 2024 siminti ya yi tashin gwauron zabo har ya haura naira 10,000 a wasu wurare, sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanoni a watan Fabrairu aka yi maganar naira 7,000 zuwa 8,000. Wanda lissafinsa ke cikin jadawali, gurbi ɗaya zai canza ya ga inda kuɗinsa zai tsaya. Wanda lissafinsa ke cikin kansa kuwa sai ya kai ga dakin ya gane aljihu ya ƙare.

Mataki na huɗu shi ne jerin aiki da ajiye bayani a wuri ɗaya. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniya ya lissafa, don haka ranar zuba dakin ita ke yanke ranar da za a iya ɗora masa nauyi, ba gaggawar maigida ba. Neman izini daga KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna shi ma yana da nasa lokacin, kuma ya kamata ya shiga jadawali tun farko. Babban abin da ke ɓata wannan mataki shi ne saƙon murya. Maigida ya aika wa ɗan kwangila murya ya ce a faɗaɗa falo, magini bai ji ba, injiniya bai sani ba, mai rodi kuma yana aiki da hoton zanen da aka tura wata uku baya. Masu rubuta manhaja suna da doka a kan wannan: sigar aiki ɗaya ce ake amincewa da ita, kuma duk canji sai an rubuta wanda ya yi shi da ranar da ya yi. Babban fayil ɗaya a Google Drive, mai ɗauke da zane na ƙarshe da kwanan wata a sunansa, da jadawalin kuɗi, da hoton kowane rasit, ya isa ya kashe rabin rigingimun da ake yi a bakin gini.

Akwai masu cewa wannan duk na masu kuɗi ne, domin talaka a hankali yake gini, in ya samu ya sayi bulo ɗari, in ya rasa ya jira. Gaskiya ne haka aka fi yin gini a nan. Amma wannan dalili ne na ƙara tsarawa. Wanda zai yi shekara biyar yana gini shi ya fi buƙatar sanin inda zai tsaya a kowane zango, don kada damina ta same shi da bango ba rufi, ko ya sayi siminti ya ajiye har ya sha iska ya daskare. Kuma idan yana da niyyar ɗora bene wata rana, yau ne harsashi ke buƙatar sanin haka. Ɗora hawa a kan tushen da ba a yi shi don haka ba na cikin hanyoyin da gini ke kashe mutane.

Wasu kuma za su ce kuɗin ƙwararru ya yi yawa, ga manhaja kyauta, har ga ƙirƙirarriyar basira da ke zana gida cikin daƙiƙa. Wannan shi ne haɗarin da ya fi kusa da matasa masu son fasaha. Hoto mai kyau ba lissafin nauyi ba ne. ChatGPT bai taɓa ganin ƙasar fulotin ba, kuma ba zai tsaya gaban kotu ba idan dakin ya faɗo. Yawan rodi, kaurinsa da girman ginshiƙi aikin injiniya ne mai rajista da COREN, zane aikin mai rajista da ARCON ne. Abin da waya ke yi shi ne rage ɓata lokacinsu: mai gidan da ya zo da bayanin abin da yake so a tsare, da hotunan fili da iyakar kuɗinsa, ba zai sa a sake zane sau biyar ba.

Hukumomi ma suna da nasu rabon. Muddin neman izinin gini yana nufin zirga-zirga tsakanin ofisoshi ba tare da sanin inda fayil ya tsaya ba, mutane za su ci gaba da zagaye shi. Mutumin da ke iya bin sawun kuɗin da ya tura ta banki a wayarsa ya cancanci ya iya bin sawun takardar izininsa haka nan, ya ga matakin da take da kuɗin da doka ta ce ya biya.

Kafin a kai ga wannan, abin da ke hannun kowa ya isa a fara. Mako biyu ko uku na duba fili, zane, lissafi da jadawali ba su kai kuɗin bango ɗaya da za a rushe ba. Tun ran gini tun ran zane, in ji masu iya magana, kuma a wannan zamani ranar zanen ce ya kamata ta riga zuwa.