Wa ke koya wa shugaban jami'a shugabanci?

A watan Satumban 2012 aka sake buɗe jami'o'in gwamnati na Abijan, bayan sun daɗe a garƙame sakamakon rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2010. An gyara gine-gine, an shafa fenti, an sauya sunaye. Ta Cocody ta koma Jami'ar Félix Houphouët-Boigny, ta kan hanyar Adjamé zuwa Abobo kuma aka laƙaba mata sunan Nangui Abrogoua, wani basaraken ƙabilar Ebrié. Har tsarin karatun aka sauya zuwa mai hawa uku, wato digirin farko, na biyu da na dakta. Abin da kuɗin gyara bai taɓa ba shi ne yadda ake samar da mutanen da za su riƙe waɗannan wurare. A Kwadibuwa, kamar a Nijar da Najeriya, muna ɗaukar shekaru ashirin muna horar da mutum ya zama masani, sannan rana ɗaya mu miƙa masa kasafin kuɗi da dubban ɗalibai da ma'aikata masu fushi, mu ce Allah ya taya riƙo. Ra'ayina shi ne shugabanci a jami'a sana'a ce da ake koyo, kuma ya kamata a yi mata matakala tata.

A duba yadda malami ke hawa a Kwadibuwa. Ƙarin girmansa ba a hannun jami'arsa kaɗai yake ba, yana hannun hukumar CAMES, wadda shugabannin ƙasashe masu amfani da Faransanci suka kafa a Yamai a 1968, hedikwatarta kuma tana Wagadugu. Ƙasashe 19 ne a cikinta, har da Nijar. Malami yakan fara daga mataimaki, ya taka matakai biyu a tsakiya, kafin ya zama cikakken farfesa, kuma a kowane hawa takardunsa na zuwa gaban takwarorinsa na wasu ƙasashe. A fannin likitanci da shari'a da tattalin arziki ma akwai gasa ta musamman, inda mutum zai tsaya gaban alƙalai ya gabatar da darasi su auna shi. Tsari ne mai kyau, ba ni da ja a kai, domin ya sa farfesan Abijan da na Dakar da na Yamai mudu ɗaya aka auna su da shi. Sai dai nauyin awon ya rinjaya ga maƙaloli da ɗaliban da mutum ya yaye. Aikin ofis, in ma an ƙirga shi, gyara ce.

Duk mai hankali yana bin inda lada take. Matashin malami ya san shekara uku da zai yi yana shugabancin sashe, yana tsara jadawali, yana rabon azuzuwa, yana sauraron ƙorafin sakamakon jarrabawa, shekaru ne da abokinsa zai yi yana rubuta maƙaloli ya wuce shi. Sai ya zille. Kujerar ta faɗa hannun wanda aka tilasta wa, ko wanda alawus ɗin ya ja shi. Wanda ya zille kuwa shi ne zai riga kowa zama farfesa, kuma shi za a fara tunawa da shi ran da ake neman shugaban tsangaya. Wanda ke ɗanɗana kuɗar wannan shi ne ɗalibin da ya yi sammako ya tsaya layin motar haya ta gbaka a tashar Adjamé, ya biya kuɗin da uwarsa ta cire daga cinikin jiya, ya isa makaranta ya tarar an ba aji biyu ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya. Ba ƙarancin ilimi ya jawo haka ba, wani ne bai iya jadawali ba. A kasuwar Adjamé ɗin nan, babu maigidan da zai damƙa mukullin shago ga yaron da bai taɓa riƙe littafin bashi ba, komai iya cinikinsa. Sai ya yi shekaru yana aike, yana ƙirga kaya, yana kallon yadda ake rarrashin mai bin bashi. Jami'a ce kaɗai take ganin wannan tarbiyya ɓata lokaci ce.

Mai shakkar cewa iya tafiyar da aiki yana haifar da ilimi, ya haye gada zuwa unguwar Treichville ta Abijan. A harabar asibitin koyarwa na can akwai shirin bincike na PAC-CI, haɗin gwiwar Kwadibuwa da Faransa. Shi ne ya gudanar da binciken Temprano daga 2008, wanda ya bi lafiyar mutane sama da 2,000 masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a cibiyoyin lafiya na Abijan. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna fara shan magani da wuri yana rage munanan cututtuka, kuma yana cikin hujjojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da su a shekarar wajen ba da shawarar a fara bai wa kowane mai cutar magani ba tare da jira ba. Sunayen likitoci ne a saman takardar, kuma sun cancanta. Amma bin sawun mutum dubu biyu shekara da shekaru aikin mai shigar da bayanai ne, da ma'aikacin ɗakin gwaji da ke tabbatar da firji bai mutu ba, da akawun da ke biyan albashi a kan kari, da mai buga waya ga wanda ya tsallake ranar ganin likita. Irin waɗannan ma'aikata ne jami'o'inmu suka fi mantawa da su. Malami yana da matakai huɗu a gabansa da hukumar ƙasa da ƙasa mai lura da su. Magatakarda da ma'aji da mai kula da ɗakin karatu galibi sai dai su ƙirga shekaru. Na kirkinsu sukan gudu zuwa banki ko ƙungiyoyin agaji, kuma ba su da laifi.

Za a ce mini matsalar ba horo ba ce, siyasa ce: wa ke naɗa shugaban? Maganar tana da ƙarfi. A Kwadibuwa gwamnati ce ke naɗa shugabannin jami'o'i. A Nijar malamai sun sha yajin aiki lokacin da gwamnati ta soke zaɓen shugabannin jami'a ta koma naɗi a 2019. A Najeriya majalisar gudanarwar jami'a ce ke zaɓa, wa'adi ɗaya na shekara biyar, kuma duk wanda ya bi labarin ya san kamun ƙafa bai ƙare ba. Hanyoyi uku ke nan, amma duka daga rijiya guda suke ɗiba, wato farfesoshin da ba wanda ya taɓa koya musu karanta kasafin kuɗi. Zaɓe na iya ba mutum farin jini, naɗi na iya ba shi kunnen minista. Babu wanda zai koya masa abin da zai yi ran da malamai suka ajiye alli kan kuɗin ƙarin sa'o'i.

Tarihin FESCI ma na nan. Wannan ƙungiyar ɗaliban Kwadibuwa da aka kafa a 1990, wadda Guillaume Soro da Charles Blé Goudé suka taɓa jagoranta kafin su zama manyan 'yan siyasa, ta yi ƙarfin da har ana zarginta da rabon ɗakunan kwanan ɗalibai da karɓar kuɗi a kai, kafin gwamnati ta rusa ta a Oktoban 2024 bayan kisan wasu ɗalibai. Ba zan ce kwas na wata shida zai sa shugaban tsangaya ya iya da ƙungiyar da manyan 'yan siyasa suka daɗe suna ɗaure wa gindi ba. Amma rabon ɗaki aikin ofis ne, kuma inda ofis ya yi rauni wani ne zai karɓe aikin. Yanzu da aka kawar da ƙungiyar, tambayar ita ce ko akwai ma'aikatan da aka shirya su riƙe rajistar ɗakunan da gaskiya.

Akwai kuma masu tsoron kada a mayar da jami'a kamfani, a kawo manajoji su riƙa yi wa malamai odar yadda za su yi tunani. Wannan tsoro ya tabbata a wasu jami'o'in Ingila, inda malamai ke kukan cike-ciken takardu sun cinye lokacin bincike. Maganinsa dai shi ne malaman su iya aikin da kansu, don kada a sami hujjar kawo musu baƙo. Batun rashin kuɗi kuwa bai kai a tsaya a kansa ba. Abin da ake kashewa a taron bita guda a otal ya isa a yi abin da ake bukata.

Abin da ake bukatar ba shi da yawa. Kada a ba kowa tsangaya sai ya riƙe sashe ya kuma yi mataimaki a ƙarƙashin wani, yana zama a taron kasafi yana gani. A rage wa shugaban sashe sa'o'in koyarwa, in ya sauka a ba shi shekara guda ya koma bincikensa ya cike giɓi. CAMES ta bar awon ilimi yadda yake, amma ta ba shugabancin sashe da aka yi da kyau nauyin da za a ji, bisa shaidar da za a iya dubawa: an fara zango a kan lokaci, an fitar da sakamako a kan lokaci. Magatakarda da ma'aji kuma a yi musu nasu matakan da jarrabawarsu, yadda wanda ya shiga ofishin rajista yana ɗan shekara 25 zai san inda zai iya kaiwa in ya kai 50. Ministocin ilimi mai zurfi na ƙasashen CAMES suna zama duk shekara, kuma a teburinsu ya kamata a fara wannan magana.