Kifin bogi na fam 15 ko cokalin shayi? Abin da kanal ɗin Birmingham ya koya min

Yau ba waya za mu buɗe ba, ba laftof ba. Tun da na saka ɗan guntun bidiyon nan ina tsaye bakin ruwa da sandar fatsa, saƙonni suka yi ta shigowa: wane kifin bogi zan saya, wane jig ne ya fi, shin mai tsadan nan ya cancanci kuɗinsa? To ga amsata a dunƙule. Mafi yawan kuɗin da matasa ke zubawa a wannan harka suna zuba su ne a kan fenti da kwali. Abin da ke kama kifi abu uku ne: nauyi, motsi, da kaifin ƙugiya. Kuma biyu daga cikinsu kana iya haɗa su da hannunka.

Bari in faɗi yadda na zo ga wannan ra'ayi, don ni ma na sha tawa.

Ina zaune a Lozells ne, arewa da tsakiyar Birmingham, tsakanin Aston da Handsworth. Duk wanda ya yi hunturu ɗaya a nan ya san yadda duhu ke sauka tun ƙarfe huɗu na yamma, ga aikin bincike ya danne ka, ga kewar gida. Abin da ya cece ni shi ne kanal, wato hanyoyin ruwan da aka haƙa tun ƙarni na 18 don ƙananan jiragen dakon gawayi da ƙarfe. A cikin birnin kaɗai akwai kusan mil 35 na irinsu. Daga ɗakina, tafiya kaɗan ce zuwa Hockley Port ko ƙofofin ruwa na Aston. Ni kuma da ma jinin abin yana jikina, don ina yaro duk hutu a Wudil nake yi wajen kawuna, mai jefa birgi.

Sai na yi abin da duk ɗan fasaha ke yi. Na kwana uku ina kallon bita a YouTube, na cika kwandon sayayya da kifayen roba masu ƙyalli, wani har da ƙananan ƙwallaye a ciki masu kacau-kacau. Fam 60 da ɗoriya suka tafi, kuɗin cefanen sati biyu ke nan a wajen ɗalibi. Ranar Asabar ta farko, kafin la'asar, huɗu daga ciki sun maƙale a ƙasan ruwa. Wanda na samu na janyo da ƙyar, da ƙafar keken tura kaya na kanti ya fito. Ko kifi ɗaya ban gani ba.

Gefena kuwa wani dattijo ne da 'yar ƙaramar sanda, yana ta ciro kifin da ake kira perch, mai zanen baƙi a jiki da jajayen fukafukai, yana mayarwa. Na matsa na gaishe shi, na leƙa abin da ke bakin zarensa. Ɗan jig ne da bai wuce giram 2 ba, da wata 'yar roba launin ƙasa wadda tsawonta bai kai ɗan yatsana ba. Ya dubi nawa, ya yi dariya, ya ce abin da na ɗaura na teku ne, nan kuwa ruwan da ƙyar ya kai ƙirjina.

Nauyi shi ne farko

Ga wanda bai sani ba, jig ƙugiya ce da aka haɗa wa ɗan dunƙulen ƙarfe a kai, sai a sa mata jikin roba, ko gashi, ko gashin tsuntsu. Kana ɗaga sanda ya tashi, kana saki ya sauka. Kuma galibi a lokacin saukar nan kifi ke kai cafka. Ma'ana, tsawon daƙiƙun da jig ɗinka ke yi yana nutsewa shi ne ainihin lokacin aikinsa.

A nan ne karatun injiniya ya yi min rana. Turjiyar ruwa tana ƙaruwa ne daidai da saurin abu a ninka shi da kansa. Saboda haka in jikin robar bai canza ba, ninka nauyi sau biyu zai ƙara saurin nutsewa da kusan kashi 40 cikin 100 ne kawai. Amma a ruwa mai zurfin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kamar yawancin kanal, wannan bambanci shi ne komai. Mai giram 10 zai faɗa ƙasa kamar dutse, ya shige laka ko ya maƙale a shara kafin kifi ya waiwayo. Mai giram 2 zai sauko a hankali kamar ƙaramin kifi mara lafiya. A dam mai zurfi irin Tiga, ko inda ruwa ke gudu da ƙarfi, lissafin ya juya, nan kana buƙatar nauyi don ka isa ƙasa.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Samo dogon bokiti ko gorar ruwa mai haske, ka manna tef ɗin awo a jiki, ka kunna ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya a wayarka, ka saki jig ɗin. Ƙirga hotunan, ka raba. Cikin minti goma za ka san kowane jig ɗinka santimita nawa yake yi a daƙiƙa, bayanin da ba kasafai ake rubuta shi a kwali ba.

Kala kuma fa?

Ban ce kala ba ta da amfani kwata-kwata ba. A ruwa garau, da rana tsaka, tana iya yin tasiri. Amma ruwa yana shanye haske, ja ne ke fara ɓacewa cikin 'yan mitoci kaɗan, shuɗi ke daɗewa. In kuma ruwan ya gurɓace, kamar kanal bayan jirgi ya wuce ko kogin Wudil da damina, kifi inuwa kawai yake gani. Abin da yake dogara da shi shi ne wani layin ji da ke gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya, wanda ke ɗaukar girgizar ruwa. Ka ga ke nan zanen ɓawo mai kama da na gaske, da idon nan mai sheƙi, kai aka yi wa su, mai katin banki. Kala uku sun ishe ka: mai duhu, fari, da ɗaya mai haske sosai.

Tarihin sana'ar ma yana bayana. Rapala, sunan da ya fi kowane shahara a wannan fanni, ya samo asali ne daga wani talakan masunci ɗan ƙasar Finland, Lauri Rapala, wanda a 1936 ya sassaƙa kifinsa na farko da wuƙa daga ɓawon itace mara nauyi, ya naɗe shi da takardar ƙyalli ta cakulan, ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. Abin da ya sa ido a kai shi ne yadda kifi mai rauni ke karkacewa in yana iyo. Motsin ya kwaikwaya.

Abin da za ka saya, da wanda za ka haɗa

Ƙugiya kam saye za ka yi, kuma kada ka yi rowa a nan. Ƙarfenta sai an gasa shi an daidaita taurinsa, in ya yi laushi ta miƙe, in ya yi tauri da yawa ta karye. Garin Redditch da ke kudu da Birmingham ya yi suna a duniya a ƙarni na 19 da allura da ƙugiya, don aikin ƙwararru ne tun asali. Gwajinta: ja bakinta a hankali a kan farcenka. In ta kama, tana da kaifi. In ta zame, a wasa ta ko a jefar.

Sauran kuwa naka ne. Cokalin shayi na silba, ka yanke mariƙin, ka huda gaba da baya, ka sa zobe da ƙugiya da ɗan maɗauri mai juyawa don kada zare ya murɗe. Lanƙwasar cokalin ita ke sa shi rawa yana walƙiya. Jig mai gashi kuma, su a nan da gashin wutsiyar barewa suke yi. Mu da muke da gashin akuya da na zakara a banza, zaren ɗinki da ɗigon gam sun gama magana. Mafi girman perch da na taɓa kamawa, a Edgbaston Reservoir, da jig ɗin da na ɗaura da gashin kazar da na saya a wata mahauta ne, wadda na roƙa a bar min 'yan gashin.

Masu firinta mai fitar da abu a zahiri, ku kula. Robar da ake zuba kifin bogi da ita sai ta kai wajen digiri 170 zuwa 180 kafin ta zubu, shi kuwa PLA tun daga digiri 60 yake fara laushi. Kada ka zuba kai tsaye. Fitar da siffar kifin da firinta, ka yi mata mazubi da silikon mai jure zafi, sannan ka zuba a inda iska ke shiga.

Inda na ja layi: dalma

Wannan shi ne dalilin da ya sa na zauna na rubuta duk wannan. Bidiyoyin koyar da haɗa jig da yawa za su nuna maka mutum yana narka dalma a gwangwani a kan murhu. Tana narkewa a digiri 327, risho ma ya isa, shi ya sa abin ke da jan hankali. A gida na sha ganin ana fasa tsohon batirin mota don a samu dalmar bakin birgi, yara na zagaye suna kallo. Da wannan idon na girma, ban ɗauke shi komai ba.

Mu 'yan Arewa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan dalma ba. A 2010, a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta, 'Yargalma da Bagega, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Ƙurar da dattin da ke saura bayan narkawa suna zama a tabarma, a tufafi, a hannun da za a ci tuwo da shi. Ni a gidan haya nake, kicin ɗaya da wasu iyali masu 'ya'ya biyu ƙanana. Ba zan kunna wannan wutar ba, ko da a tsakar gida ne.

A Ingila tun 1987 aka haramta ƙananan dalmar fatsa daga giram 0.06 zuwa 28.35, bayan da aka gano tana kashe manyan fararen tsuntsayen ruwan nan masu dogon wuya. Dokar ba ta haɗa da dalmar da ke jikin kifin bogi ba, shi ya sa har yanzu kantuna ke sayar da jig na dalma. Amma abin da doka ta ƙyale ba lallai ne hankali ya ƙyale ba.

Kuma lissafi bai goyi bayan dalma yadda ake zato ba. Nauyinta giram 11.3 ne a kowane santimita mai fuska shida, kuza 7.3, tangistin 19.3. Dunƙulen kuza mai nauyi ɗaya da na dalma zai fi shi faɗi da kusan kashi 16 cikin 100 ne kacal. A ruwa mara zurfi wannan ma riba ce, don zai sauka a hankali. Tangistin ba ya narkuwa a gida, sai ya wuce digiri 3,400, amma ana sayar da shi a shirye, ga ƙanƙanta ga saurin isa ƙasa. In babu ko ɗaya, ƙaramin noti na ƙarfe ko ɗan dunƙulen tagulla a ɗaure a wuyan ƙugiya yana aiki. Ba shi da kyan gani, kifi kuma bai taɓa yi min ƙorafi ba.

Abin da za a ce min

Wani zai ce na kamfani ya fi daidaito. Gaskiya ne. Kifin katako ko na roba mai tauri, mai ɗan leɓe a gaba da ke sa shi nutsewa, yana da wuyar saiti, milimita ɗaya ta karkace sai ya riƙa juyawa kamar farfela. In irin wannan kake so, sayi guda ɗaya mai kyau, ka fi wanda ya tara goma na bogin bogi. Wani kuma zai ce lokacin da na ɓata ina ɗaure gashin kaza ya fi fam biyun da na tsira da su. Shi ma da gaskiyarsa, sai dai wanda ya haɗa da hannunsa ba ya tsoron jefawa kusa da gada ko ƙarƙashin jirgi, inda kifin yake, don in ya maƙale asarar ba ta da zafi.

Kawuna kuma, da na nuna masa ta bidiyo kol, dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Ɗana, wannan wasan masu ƙoshi ne." Ban musa ba. Mai neman abin kai wa kasuwa, birgi da mamari da tana sun fi masa. Kifin bogi na mafarautan kifaye ne, irin su giwan ruwa da tsage, ba zai tara maka karfasa cike da kwando ba. Amma ya tambaye ni me zai sa a bakin birgi in ya bar dalma, kuma har yanzu muna kan wannan maganar.

Ga 'yan uwa da ke nan Ingila: daga shekara 13 sai da lasin na Environment Agency, rashinsa tarar na iya kai fam 2,500, kuma bayan shi kana buƙatar izinin mai ruwan, a kanal galibi Canal & River Trust ko ƙungiyar da ta yi hayar wurin. A koguna an rufe kamun irin waɗannan kifaye daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni. In akwai pike a ruwan, sa guntun waya kafin ƙugiya, haƙoransa suna yanke zare.

A bidiyo mai zuwa zan jera jig biyar a bokiti, na kanti uku, nawa biyu, mu ga lambobin tare. Wanda ke kusa da Tiga, Challawa ko Yawuri ya gwada cokalin, ya turo min hoton abin da ya samu, ko da takalmi ne. Sai mun haɗu.