Mudu Biyu a Rumfa Ɗaya

Ɗan yayata yana da ɗan shago kusa da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, inda yake tura wa mutane fina-finai da karatuttukan malamai a waya da filash. Watannin baya ya tara 'yan kuɗinsa ya ja layin intanet, aka ce masa gudunsa "mega 20". Yaro ya buga lissafi: fim mai nauyin mega 1,500, a raba da 20, cikin daƙiƙa 75 ya sauko ke nan. Ranar farko ya zauna yana duban agogo, fim ya cinye minti goma cif. Ya kira ni ransa a ɓace: "Kawu, kwamfutar banza aka sayar mini." Kafin in iso har ya je ya yi wa mai kwamfutar, dattijo sa'an ubansa, rashin kunya a gaban jama'a.

Kwamfutar lafiyarta ƙalau. Layin ma bai rage komai daga abin da ke rubuce a takarda ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Megan da aka sayar masa daban, megan da yake ƙirga fim da shi daban. Gudun layi da megabit ake auna shi, ana rubuta Mb da ƙaramin baƙi. Nauyin fayil kuwa da megabayit, MB da babban baƙi. Bit takwas ke yin bayit ɗaya. Saboda haka mega 20 ɗinsa megabayit biyu da rabi ne a daƙiƙa, kuma 1,500 a raba da biyu da rabi, minti goman nan ne ba ƙari ba ragi. Tsakanin abin da mutum ya ji da abin da zai samu akwai ninki takwas, an ɓoye shi a girman baƙi guda.

Na san hujjar injiniyoyi, kuma ba ta banza ba ce. Layin sadarwa bit-bit yake tura saƙo, ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa tun fil azal da bit suke ƙirga. Muryar mutum a tsohon layin tarho ana ɗebo ta sau 8,000 a daƙiƙa, kowace ɗiba bit takwas, ya zama kilobit 64. A haɗa irin wannan hanya 32 a sami layin E1 mai megabit 2.048. A ɗakin injina wannan awo daidai ne, su riƙe abinsu. Amma wa ya ce a ɗauko shi a kafa a allon talla a bakin titi? Kamfani ɗaya ne zai sayar maka da data da gigabayit, ya juya ya faɗa maka gudunta da megabit, domin 20 ta fi biyu da rabi cika ido. A tallar rediyo da Hausa kuwa babu ƙaramin baƙi babu babba, "mega" kawai ake cewa a wuce. Mai hatsin da ke awo da mudu biyu a rumfa ɗaya mun san sunan da ake kiransa da shi, mun kuma san abin da malamai ke faɗa a kan tauye mudu. Sa rigar kwat ba ya wanke mutum daga wannan.

Masu kayan ajiya ma ba su tsira ba, nasu rainin wayon ya fi zurfi. USB 2.0 da ya fito a shekarar 2000 an buga masa 480 a kwali. Megabit ne. A raba da takwas a sami 60, a aikace kuwa da wuya ya wuce 40. To ka koyi rabawa da takwas, ka ɗauka ka waye, sai ka iso kan SATA, igiyar da ke haɗa faifan ajiya da kwamfuta, mai gigabit 6. Nan da goma ake rabawa, domin a kowane bit goma da ke bi ta igiyar takwas ne kayanka, biyun na tsara tafiyar saƙon ne. Abin da ya rage megabayit 600. Haka USB 3.0 na 2008: gigabit 5 a kwali, megabayit 500 a iyakar ƙoƙarinsa. Wannan USB 3.0 ɗin kuma sau biyu ana sake masa suna, ya zama 3.1 Gen 1, ya koma 3.2 Gen 1, gudunsa bai ƙaru da ko taki ɗaya ba. Mutum ya biya kuɗin sabo ya tafi gida da tsoho.

Sai faifan da aka rubuta wa terabayit ɗaya, ka sa a Windows ya nuna maka giga 931, saboda masu ƙera shi da 1,000 suke ƙirga, manhajar kuma da 1,024. Tun 1998 hukumar IEC ta ware wa ƙirgan 1,024 sunayensa, kibi da mebi da gibi, don a huta da rikicin. Har yau masu shago a Farm Centre suna shan zagi kan gigan da ba su suka ci ba.

Abin da nake nema daga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ba ya buƙatar kwamiti. Duk mai tallar gudun intanet, a jarida ko a rediyo, da Turanci ko da Hausa, a tilasta masa ya faɗi minti nawa giga ɗaya zai ɗauka kafin ya sauko. A mega 20, minti shida ne da daƙiƙa 40, in layin bai yi tuntuɓe ba. Da haka aka faɗa wa ɗan yayata, da ya san abin da ya saya, da kuma ban kama hannunsa na kai shi gaban dattijon nan ya durƙusa yana ba da haƙuri ba.