Kafin A Girke Injunan Zinariya A Anka, A Fara Neman Mai Gyaran Bel

A watan Disamba na shekarar 2024 ne Ministan Ma'adinai, Mista Dele Alake, ya ba da sanarwar cewa Gwamnatin Tarayya ta ɗage dokar hana haƙar ma'adinai a Jihar Zamfara, dokar da aka kafa tun watan Afrilu na 2019 saboda ta'asar 'yan bindiga. Tun daga ran nan maganar da ake ji a bakin manya ita ce ta masu zuba jari, da lasisi, da kuɗin shiga, da manyan injunan da za su maye gurbin diga da turmi. Duk wannan daidai ne. Amma akwai wani ɗan abu wanda ba a cika jin sunansa a wajen taro ba, alhali kuwa a kansa aikin yake tafiya, watau bel.

Bel iri biyu ne. Akwai wanda kowane yaron ƙauye ya sani, wanda ke haɗa injin gas da injin niƙa, ya riƙa juya shi. Akwai kuma babban bel mai jigilar kaya, shimfiɗaɗɗiyar roba mai zare ko waya a cikinta, wadda ke tafiya bisa jerin rololi tana ɗauke da dutse daga wurin fasawa zuwa wurin niƙa. Irinsa ne ke aiki a masana'antun siminti kamar na Kalambaina a Sakkwato, kuma a Yammacin Sahara akwai wani jerin bel mai tsawon kusan kilomita 100 wanda ke kai ma'adinin takin zamani daga Bu Kra zuwa bakin teku. Duk kamfanin da zai sarrafa dutsen zinariya da yawa a ƙasar Anka ko ta Bukkuyum, ba makawa sai ya girke irin wannan bel. Tambayar ita ce, wa zai kula da shi bayan an yanke ƙyalle, manyan baƙi sun koma Gusau?

A wani wuri dabam, lalacewar bel hasarar kuɗi ce da ɓata lokaci. A ƙasar Anka abin ya wuce nan, kuma dalilin sananne ne. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yara ƙanana suna mutuwa da jijjiga da suma a ƙauyukan wannan yanki. Da aka bincika sai aka tarar gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa a nan, zinariyarsa a cakuɗe take da dalma mai yawan gaske. Farashin zinariya ya tashi a duniya, mutane suka riƙa kwaso dutsen zuwa cikin gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a bushe da injunan niƙan hatsi, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A Dareta da Abare da Sunke da Bagega cikin ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru cikin ƙasar Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu. A wasu wuraren dalmar da aka auna cikin ƙasa ta zarce kashi goma cikin ɗari na nauyin ƙasar kanta. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Bagega ma ba ta samu wannan aiki ba sai a 2013, bayan an daɗe ana jiran kuɗi daga Abuja. A 2015 aka sake ganin irin wannan masifa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka mutu. Ita kuwa MSF, bayan ta gwada jinin yara sama da 8,000, ta miƙa aikin ga hukumomin Zamfara a farkon 2022.

Saboda haka duk abin da ya zubo daga bel a wannan ƙasa guba ne. In ya zuba sai ya bushe, in ya bushe iskar hunturu ta ɗauka, sauran kuma ya bi rigar lebura da takalminsa zuwa gida. Da wannan ido ya kamata a dubi cututtukan bel, waɗanda ba su da yawa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke buƙatar a aiko da injiniya daga Jamus.

Babbar cutarsa ita ce karkacewa. Bel ya bar tsakiyar hanyarsa ya nufi gefe guda, yana gogar ƙarfe, bakinsa yana zarewa, dutse yana zuba ƙasa. Abin da akasarin masu lura da inji kan yi da sun ga haka shi ne su ɗauki sufana su nufi ƙarshen bel, su ɗaure noti na gefe ɗaya. Wannan kuskure ne babba, domin yakan miƙar da gefe guda na robar har abada, daga nan kuma bel ba ya sake tafiya daidai. Gwanin bakanike ba ya fara taɓa kome. Yakan sa alli ya yi wa bel alama, ya tsaya ya kalle shi ya zagayo sau uku ko huɗu. In bel duka yana karkacewa a wuri guda kullum, to laifin yana ga wurin: ko wata rola ta goce, ko ƙafar gadon bel ta nutse bayan ruwan sama, ko laka ta taru a jikin rola ta ƙara mata kauri a gefe ɗaya. In kuwa wani yanki guda ne na bel ke karkacewa duk inda ya je, to laifin yana jikin bel ɗin, galibi a mahaɗinsa, wanda aka yanka a karkace ran da aka haɗa shi. In kuma yana tafiya lafiya babu kaya, sai an ɗora kaya ya kauce, to mazurarin da ke zuba dutsen ne ba ya zubawa a tsakiya. Cuta uku ke nan masu kama ɗaya, maganinsu kuwa dabam dabam. Akwai kuma ƙa'ida guda wadda ta kamata kowane ɗalibin aikin injiniya ya haddace kamar karatun allo: bel yakan nufi gefen rolar da ya fara taɓawa. Wanda ya san wannan, da ɗan motsa rola biyu ko uku a bayan wurin da matsalar take, kaɗan kaɗan, yana jira ya ga sakamako kafin ya ƙara, sai ya mayar da bel hanyarsa ba tare da an sayi kome ba.

Ta biyu ita ce santsi. Babbar rolar da ke jan bel tana juyawa, bel kuwa yana ja da baya ko ya tsaya cik, a ji ƙara da ƙaurin roba. Masu injin niƙa sun san wannan sarai, kuma sun san dabarar gaggawa ta shafa wa bel wani abu mai danƙo don ya kama. A ƙaramin inji wannan yana iya kai mutum yamma. A babban bel kuwa danƙon yakan tara ƙura, ƙurar ta zama gudaji a jikin rola, gudajin ya haifar da karkacewar da aka yi bayani a sama. Ɗaure bel fiye da kima shi ma ba magani ba ne, don yakan cinye boris ya tsinka mahaɗi. Abin dubawa shi ne ko robar da aka lulluɓe babbar rolar da ita ta suɗe, ko dutsen ya jiƙe da ruwan damina, ko an ɗora kaya fiye da ƙarfin inji. Ga kuma wata matsala da ta fi damun ƙasarmu fiye da ƙasar masu ƙera injin: in wuta ta ɗauke ko janareta ya mutu, bel yakan tsaya da kaya maƙil a kansa, kuma tayar da shi a haka shi ne abin da ya fi kome wahalar da shi. Wanda zai sayo inji don Anka, in bai gaya wa maƙerinsa wannan ba tun farko, ya sayo wa kansa rigima.

Ta uku ita ce wadda ta fi hatsari ga lafiyar jama'a, kuma ita aka fi rainawa. Bayan bel ya juye kayansa ya juyo ta ƙasa zai koma, garin dutse mai laushi yakan manne a jikinsa, ya riƙa kakkaɓewa a duk tsawon hanya. Cikin mako guda sai a ga tudun gari a ƙarƙashin bel. A ce wa lebura ya share, shi kuwa ya kawo tsintsiya da shebur, ya tashi ƙurar da babu irinta. Maganin wannan shi ne makankari, watau wata 'yar faranti ta roba mai tauri da ake matsawa a jikin bel daidai inda yake juye kaya, tare da yayyafin ruwa a wuraren da dutse ke faɗowa. Makankarin ba shi da tsada, amma yana suɗewa, sai an riƙa matsa shi ana sauya shi. Amfanin ruwa kuwa an gwada an gani: wani bincike da aka buga a 2019, wanda MSF da wata ƙungiyar Amurka mai kula da lafiyar ma'aikata suka yi wajen masu haƙar zinariya a arewacin Nijeriya, ya nuna cewa feshin ruwa a wurin niƙa ya rage dalmar da ma'aikata ke shaƙa da kimanin kashi 95 cikin ɗari. Sai dai ruwan da ya wanke garin shi ma guba ne, dole a tara shi a rami mai siminti, kada ya gangara fadama ko ya bi rafi zuwa Gulbin Zamfara, wanda mutanen Gummi ke noma a bakinsa.

Sauran cututtukan gajeru ne. Rolar da ƙura ta shiga boris ɗinta ta cije takan suɗe har bakinta ya zama wuƙa, ta yanka bel ko ta yi zafi ta tada gobara. Wanda ke zagayawa kowace safiya da kunnensa a buɗe zai ji ta kafin ta kai nan. Guntun ƙarfe ko bakin diga da ya biyo dutse yana iya tsaga bel daga farko har ƙarshe cikin minti ɗaya, shi ya sa ake rataya maganaɗisu a bisansa.

Sai maganar hannu da rai. Bel ba ya jin ihu. Inda yake shiga ƙarƙashin rola, in ya kama bakin riga ko jelar rawani, kafin a kai ga makunni ya gama aikinsa. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta a katange irin waɗannan wurare, amma doka a takarda ba ta taɓa tsayar da inji ba. Ana bukatar raga a kan kowace babbar rola, da igiyar tsayarwa a duk tsawon bel wadda kowa zai iya fizga, da kwaɗo a kan makunni, mabuɗin kuma a aljihun wanda ya shiga gyara. Babbar riga tana da wurinta, ran Juma'a da ran salla. Ba ta da wuri kusa da bel.

Wani zai ce, ana maganar ƙauyukan da aka tasa, da hanyoyin da ba a bi sai da rakiyar soja, da kashe-kashen da aka yi a Anka da Bukkuyum a farkon Janairu na 2022, wa ke da lokacin rola da makankari? Gaskiya ne tsaro shi ne gaba da kome, kuma babu kamfanin kirki da zai girke inji inda ba ya iya kwana. Amma ba a jira tsaro ya tabbata ba kafin a ɗage dokar, kuma lasisin da za a bayar yau shi zai yi aiki shekaru masu zuwa. In ba a rubuta sharuɗɗan a cikinsa yanzu ba, ranar da ƙura ta tashi ba za a sami abin kama kowa da shi ba. Wani kuma zai ce talakan da ke haƙa da diga ba shi da bel mai jigilar kaya, ba kuwa zai samu ba. Haka ne. To amma shi ma yana da nasa bel a injin niƙa, kuma ƙurar da injinsa ke fitarwa ita ce ta kashe yaran 2010. Bakaniken da aka koya wa kula da babban inji, shi ne dai zai iya mayar da ƙaramin ya riƙa niƙa da ruwa.

A nan ne aiki ya faɗo kan ma'aikatan gwamnati. An san halin sayen inji a ƙasar nan: a ware kuɗin saye, a ware na bikin buɗewa, a manta da na giris. Inji ya yi shekara guda ya tsaya saboda rashin abin da bai kai kuɗin mai na motocin da suka zo bikin ba, a rubuta takarda, takarda ta yi wata shida tana yawo daga tebur zuwa tebur. Ya kamata ofishin da ke duba takardun masu neman izinin sarrafa ma'adinai ya ƙi sa hannu sai ya ga abubuwa a ƙasa: sunayen bakanikai 'yan ƙasa da aka horar, da kayan gyara na shekara biyu a sito, da rijiyar burtsatse ta aikin, da wurin wanka da sauya tufafi don kada ma'aikaci ya kai guba gida, da littafin da ake rubuta duk tsayawar bel da dalilinta. Mai duba aiki in ya zo, kada ya zarce ofishin manaja. Ya fara sunkuyawa ya leƙa ƙarƙashin bel. Abin da ya gani a can ya ishe shi rahoto.

Su kuma makarantu ba su da nisa. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, akwai ta Abdu Gusau a Talatar Mafara. Babu abin da zai hana su shirya kos na 'yan watanni kan haɗa bel da daidaita rola da sauya boris, a ɗebo samari daga Anka da Bukkuyum da Gummi, musamman waɗanda suka riga suka saba da injin niƙa da injin ban ruwa. Sarakunan yankin, waɗanda da taimakonsu aka fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje bayan 2010, sun san waɗannan samari da sunayensu. Wanda bai sami aiki a wajen zinariya ba, injunan casar shinkafa na ƙasar Gummi suna nan, su ma da bel suke aiki, kuma in nasu ya tsinke a tsakiyar kaka, manomi ne ke kwana a bakin inji yana gadin buhunansa.