Zancen mako: Sabunin toka da sabunin soda

Tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi da rabi a 1994, sabunin kanti ya yi tsada, matan Arewa da dama suka koma ga na hannu.

Daga Matankari har Tibiri, tsofaffi sun san hanyar kaka da kakanni: a ƙone karan hatsi, a zuba tokar cikin tukunya mai huji, a tace ta da ruwa, a dafa ruwan tokar da kitsen shanu ko man gyaɗa, ana tuƙawa har ya yi kauri. Baƙi ne, ba ya da kyan gani, ga cin itace, amma ni shi na fi yarda da shi.

Na soda ba ya bukatar dahuwa. A jiƙa soda, ta huce, a haɗa da mai, a zuba cikin akwati, a yanka. Sai dai ya kamata ya yi mako huɗu yana shan iska. Wadda ta kai shi kasuwar Dogon Dutsi da ɗanyensa, hannun mai wanki ta ƙone.

Ruwan soda kuwa, yaro ba ya bambanta shi da ruwan sha. Iyaye mata, kada ku aje shi kusa da randa.