Lafiyar Iyali: Gajiyar da Hutu Ba Ya Kore Ta

A wannan fitowa za mu yi magana kan cutar da likitoci ke kira ME/CFS, wato gajiya mai ɗorewa. Tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ta cikin cututtukan jijiyoyi, amma har yanzu mai fama da ita yakan sha sunan malalaci a gidansu.

Babbar alamarta ita ce mutum ya yi ɗan aiki, ɗibar ruwa ko tattaki zuwa kasuwa, sai bayan yini ɗaya ko biyu jiki ya mutu, ya kwashe kwanaki a kwance. Masu bincike a Amurka sun ɗora majinyata bisa keken gwaji kwana biyu a jere. Mai lafiya yakan maimaita ƙoƙarin jiya, su kuwa ran na biyu sai ƙarfinsu ya faɗi, kuma na'ura ce ta auna, ba bakinsu ya faɗa ba. A jami'ar Niyukasil ta Ingila kuma an ga tsamin da ke taruwa a tsokarsu bayan aiki yana jinkirin fita.

A 2024 wasu masana a Amsterdam ta Holan, har da ɗalibai masu neman digirin dakta, suka bayyana abin da suka gani cikin tsokar cinyar mutum 25 da irin wannan gajiya ta kama bayan korona. Sun ɗebi ɗan naman kafin tuƙa keke da kwana guda bayansa, suka tarar sassan ƙwayoyin da ke samar wa tsoka ƙarfi sun raunana, naman kansa ya ji rauni. Tun 2021 ma hukumar NICE ta Ingila ta janye shawarar a riƙa ƙara wa majinyacin motsa jiki daki-daki.

A ganinmu, iyayen da ke cewa "tashi ka motsa, jiki zai saki" da kyakkyawar niyya suke yi, sai dai suna iya ƙara masa ciwo. A fara kai shi asibiti a duba ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da ciwon suga, domin su ma suna kawo gajiya. In an tabbatar da wannan cuta, a bar shi ya auna aikinsa, ya tsaya tun kafin ya gaji. Kada a tsangwame shi in ya kasa zuwa jam'i. Annabi (SAW) ya yi wa Imrana ɗan Husaini izinin salla a zaune, in ya kasa, a kishingiɗe.